Zaɓen Farko da Hamma Ya Bari

Na Allah ne mu duka, kuma Hamma ya riga mu amsa kira ranar wata Laraba da hantsi, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yayana ne ciki ɗaya, kuma yanzu ni kaɗai na rage a ɗakin mahaifiyarmu. Na ce bari in rubuta wannan tun hankalina yana jikina, domin na ga irin tunawar da wasu suke shirin yi masa, kuma wallahi ba ta yi mini ba.

Jama'a kam sun zo, ba zan ci haƙƙin kowa ba. Dangin Inna sun taso daga garin Uba da sassafe. Mutanen Mayo Bani sun zo da ɗanyar masara da gyaɗa, suka ce a dafa wa baƙi. Wani tsohon ɗalibinsa ya ratso taɓon unguwar Kolere a kan babur, ya iso wandonsa jagab har gwiwa, ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ƙato da furfurarsa, yana kuka wiwi. Ya ce Malam ne ya hana shi barin makaranta. Da Malam ya gane gudu kaɗai yaron ya iya, sai ya ce masa, to zauna ka riƙa yi mana gudun. Wata dattijuwa 'yar coci daga tsallaken gada ta riƙe hannuna tana ta kirana "Adda, Adda", wato Yaya. Waɗannan na karɓi gaisuwarsu hannu bibbiyu, Allah ya ba su lada.

Sai kuma mutanen zaure. Su tara ne, suka shigo a jere cikin shadda mai sitaci, suka mamaye tabarmar gaba a ƙarƙashin rumfa sai ka ce su ne magada. Jagoransu surukin Hamma ne, mijin 'yarsa ta biyu, mai sayar da kayan gini. Akwai Tela na bakin layi, akwai Mai kemis maƙwabcinmu, sauran kuwa ba sai na ɓata tawada a kansu ba. Duk wanda ya zo gaisuwa, su ne masu riga kowa cewa, "Ai mun yi rashin uba." Ina jin su ta taga ina cewa a raina, uban da kuka mayar mai shayi.

Ranar sadakar uku, an shafa addu'a ke nan, sai ga surukin a ƙofata. Ya rage tsawo, ya sunkuyar da kai. Shi da sauran mutanen zaure Bappa suke kiran Hamma.

"Goggo, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan Bappa, ya sa ya huta."

"Amin."

Ya gyara hula, ya dubi silin. Can ya ce, "Goggo, wayar Bappa fa, tana wurinki?"

Tirƙashi! Ƙasar kabarin ko tsanewa ba ta yi ba. Na san ba hotuna yake nema ba. Kujerar Hamma yake so a wasansu, da zaɓen farko da ke tare da ita, kuma ba a iya fitar da mutum daga wasan sai ta wayarsa. In na miƙa, an goge sunan Hamma ke nan, an kuma rufe zaurensa. Na ce masa tana caji.

Wanda bai san wannan wasa ba, Allah ya bar shi cikin rufin asirinsa, amma dole in yi bayani. Ƙwallon Amurka ce, wata aba mai siffar gwanda, wadda ƙarti masu hular kwano suke runguma suna tunkuyin juna kamar raguna. To ba ma ita mutanen zaurenmu suke bugawa ba, ina suka ga ƙwari? Tela in ya hau matakala uku sai ya nemi ruwa. Abin da suke yi shi ne, sau ɗaya a shekara, lokacin da masara ta nuna, su zauna da wayoyi suna zaɓar sunayen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, zagaye bayan zagaye, har kowa ya haɗa ƙungiyarsa. Wannan shi suke kira diraf. Daga nan duk abin da waɗancan ƙartin suka yi ranar Lahadi a can ƙasarsu, waya ta mayar da shi maki ta rubuta wa wanda ya zaɓe su. Fantasi, in ji su. Magidanta masu iyali suna tsalle da gumin wanda bai ma san an halicce su ba.

Hamma ne ya jajibo mana. Tun yana kwalejin horon malamai wani Ba'amurke ya koyar da su motsa jiki, ya zo da irin wannan ƙwallo a akwatinsa, shi ke nan ta shiga ran Hamma ta zauna. Ya yi aikinsa na malamin wasanni har ya yi ritaya, usur a wuya, bai taɓa samun mutum ɗaya a Mubi da zai saurare shi a kanta ba. Sai bayan da muka dawo daga gudun hijira, shekarar da 'yan bindiga suka watsa garin nan. Waɗanda suka gani sun san yadda aka dawo, kowa yana kallon maƙwabcinsa a kaikaice. Tela da Mai kemis, da suka tashi layi ɗaya suna satar gwaiba tare, ko sannu ba ta haɗa su. Mai kemis yana cewa mutanen Tela ne suka nuna wa maharan shagonsa, Tela yana cewa mutanen Mai kemis ne suka kwashe masa kekunan ɗinki. Hamma ya sa sola a zaure, ya ɗaura dish, ya sayi talabijin, babban ɗansa da ke aiki a Yola ya nuna masa wasan a waya. Sannan ya bi gida-gida da sandarsa yana cewa, "Ina neman mutum tara da ba su san komai ba, in koya musu." Ya kuwa same su, kuma har yau ban ga alamar sun sauya ba.

Shi ya kafa dokoki. Ba a sa kuɗi, don kada ya zama caca, wanda ya ci ya tafi da kofin roba. Ba siyasa, ba gardamar addini. In an kira salla Musulmi su tashi, Kiristoci su kula da wutar shayi. Wanda ya zo na ƙarshe, a zaurensa za a zauna shekara mai zuwa, shi zai zuba wa kowa shayi da hannunsa, amma shi ke da zaɓen farko a diraf na gaba, don a share masa hawaye. Da bakinsa ya yanke wannan doka, kuma ba ta taɓa hawa kan kowa ba sai shi.

Ni ban shiga wannan shirme da son raina ba. Unguwarzoma ce ni, na yi aikin asibiti har ƙafafuna suka gaji. Da maigidana ya rasu na fita takaba, Hamma bai tsaya lallashi ba. Sai ganin akori-kura na yi a ƙofar gida da saƙo, wai ɗakin Inna yana nan, gara ce kawai take kwana a ciki, in zo mu kore ta. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'ya sun watse. Na zo da niyyar 'yan watanni, ban sake fita ba, shi kuma bai taɓa tambayata yaushe zan tafi ba. In aka ba shi tsire a waje, rabin yana cikin aljihunsa ya kawo mini, mai ya ɓata masa riguna ba adadi, ni ce kuma mai wankin. To da ciwon suga ya fara cin idonsa, wa zai karanta masa waya? Haka na wayi gari da tsufana ina haddace sunayen ƙartin da harshena ba ya iya juyawa. Na san wanda gwiwarsa ta goce, na san wanda aka dakatar, na san wanda matarsa ta haihu. Bayan labulen ƙofar zaure nake zama a kan kujera 'yar tsugunno, in karanta masa, ya faɗa, in danna.

Duk wasan nan a kan mutum ɗaya ake rigima, wanda suke kira kwatabak, Hamma kuma yake kira mai jifa, don shi yake jefa ƙwallon. Shi ne ango, shi ake nunawa a talabijin, kowa so yake ya riga cafke shi. Hamma kuwa ya ce sam.

"Ku saurara, yara," haka yake cewa, ya buga sandarsa a ƙasa. "Ƙungiyoyin nan sun fi talatin, kowace da mai jifanta. Mu goma ne, kowa ɗaya yake sakawa a fili. To gaggawar ta mece ce? Tsakanin mai jifa na ɗaya da na goma, daga nan ne zuwa bakin layi. Amma tsakanin mai gudu na ɗaya da na ashirin, daga nan ne zuwa Yola. Ka fara da masu gudu biyu, ka bi da masu cafewa. Mai jifa mangwaro ne a lokacinsa, ko da yamma ka je kasuwa za ka samu. Kada ka taɓa shi kafin zagaye na takwas."

Ni da ba ruwana na auna, na ga maganar tana da kai. Kuskurensa ɗaya, malami ne, cikinsa ba ya riƙe abin da ya sani. Ya faɗa musu zagayen da zai ɗauka, ya maimaita, ya sa su su ma suka maimaita. Su kuma da yake Allah bai ba su basirar komai ba sai ta shegantaka, suka gano abin yi. Kowa zai ɗauki mai jifansa da wuri. In an zo zagaye na shida da na bakwai, sai kowa ya ƙara na biyu, wanda ba zai taɓa sakawa ba. Tela har na uku yake ɗauka. Kansu ma suke cuta, don gurbin da za su sa mai amfani sun cika shi da ɗan zaman benci, amma in dai Bappa zai zuba shayi sun yarda. Kafin a zo kan Hamma kasuwa ta watse, sai mai ɗingishi da ɗan koyo. In na karanta masa sunayen da suka rage sai zauren ya ɗauki dariya, Tela yana buga cinya yana cewa, "Bappa, mangwaro ya ƙare, sai ruɓaɓɓe!"

Ku zo ku ga zuba shayin. Dattijo da ya haura saba'in, ido ba ya gani sosai, hannu yana rawa, yana laluben bakin kofi da yatsa don kada ya zuba a ƙasa. Surukinsa, wanda ya durƙusa a wannan zauren yana neman 'yarsa har gumi yana ɗiga daga haɓarsa, zai miƙo kofi yana kishingiɗe, idonsa a kan waya, ya ce, "Bappa, suga bai ji ba." Mai kemis ne kaɗai yake ɗan tashi zaune ya karɓa da hannu biyu, ya ce useko, wato na gode da Fulatanci. Amma in an zo ɗaukar mai jifa na biyu, shi ma ba ya fashi.

Jira a jinin Hamma yake, ba a wasa kaɗai ba. Ragon layya bai taɓa saya ba sai safiyar salla, wai lokacin dillalai sun gaji sun sauko. Shekaru da yawa yana dawowa da ƙaton rago a farashin tunkiya, yana ja yana taƙama a layi. Wata shekara kuma ya dawo da igiya kawai a hannu, muka ci sallar da naman maƙwabta. Ko a jikinsa. Ya rataye igiyar a ƙusa ya ce, "Dabara ba ta yi laifi ba, kasuwar ce ta yi."

Bara ne muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. An zo zagaye na biyar, ga mai jifa lafiyayye yana nan ba a taɓa ba. Na leƙo ta labule na raɗa masa, "Hamma, ɗauki wannan, za su sake yi maka."

Ya ce, "Karanta mini masu cafewa."

Na ce, "Hamma!"

Ya ce, "Masu cafewa na ce."

Na danna abin da ya ce raina yana tafasa, aka kuma yi masa abin da aka saba. Da suka watse na dire masa wayar a cinya, na ce ya nemi wata baiwar. Na ce, "Kai kaɗai ne ba ka sani ba? Haɗa baki suke yi. Tela yana ƙyafta wa Mai kemis ido, Mai kemis yana taɓa surukinka da ƙafa. Sun mayar da kai abin dariya a cikin gidanka!"

Ya daɗe yana juya wayar a hannu. Sannan ya ce, "Tela ne yake ƙyafta wa Mai kemis ido?"

Na ce, "Da idona na gani."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Da ko kallon juna ba sa yi."

"To sai a kanka za su shirya?"

"A kan wa kike so su shirya? Babba juji ne."

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake zana muku. Abin yana ci masa rai, na sani. Yana son ya ɗaga kofin robar nan ko sau ɗaya, irin son da yaro yake yi wa kayan salla. Har gurbi ya share masa a kan kanta kusa da talabijin, bai yarda a ajiye ko ashana a wurin ba. Kuma taurin kai ne da shi kamar ganda, gara ya faɗi a kan dabararsa da ya ci a kan ta wani. Duk shekara in masara ta fara nuna sai ya ce, "Bana za ta yi." Na ɗauke masa wuta bayan faɗan nan, ko sannu ba na ce masa. Rannan sai ga shi a ƙofata da sandarsa, wai ko zan duba masa gwiwar wani ƙato a waya, tun da ni ce ma'aikaciyar asibiti. Na yi tsaki na duba.

A gadon asibiti ma bai bari ba. Ƙafa ta kumbura, numfashi sama-sama, likita ya fita ke nan sai ya lalubo hannuna. Na sunkuya, na ɗauka wasiyya ce. Ya ce, "Zaɓen farko namu ne. Mai gudun nan, kin san shi. Kada ki bari su ruɗe ki." Na ce, "Hamma, ka yi salati." Ya yi, washegari kuma ya cika da kalmar shahada a bakinsa, Allah ya karɓa. Amma waccan ita ce magana ta ƙarshe da ya yi da ni ni kaɗai. Na rasa kuka zan yi ko tsaki, na yi duka biyun.

Bayan addu'ar bakwai suka turo wakilai, surukin da Tela, suka jawo babban ɗan Hamma suka zaunar a tsakiya don maganar ta yi nauyi. Surukin ya gyara murya. Wai sun yi shawara, sun ga ya dace a karrama Bappa. Daga bana kofin zai zama Kofin Bappa, har hotonsa za a manna. Majalisa za ta koma sabon gidansa, shi surukin, akwai babbar talabijin da fanka. Kujerar Bappa kuma ƙanin shi surukin zai gaje ta, yaro ne mai hazaƙa.

Na ce, "Da zaɓen farkon?"

Ya ce, "Ai tare suke tafiya, Goggo."

Ɗan Hamma, wanda na goya a bayan nan nawa, ya ce, "Goggo, ki ba su kawai. Ni kunya ma nake ji a ce Baba da girmansa a wannan abu ya ƙare. Gara a tuna shi da koyarwarsa."

Na ce, "Kai ka nuna masa, ka koma Yola, ba a jin muryarka daga salla sai salla. Abin kunyar nan shi ya riƙa kawo masa mutane duk Lahadi, ko da marasa kunya ne."

Hoto a jikin kofin roba! Kofin da suka hana shi taɓawa yana da rai, shi za su liƙa wa fuskarsa, ya koma shagon Tela ya sha ƙura a bayan keke. Wannan ai ihu ne bayan hari. Na ce su je, ranar diraf za su ji daga gare ni.

Ranar ta faɗo Lahadi. Na share zauren, na hura gawayi, na aika musu cewa a nan za a yi bayan la'asar, kuma waya ta cika caji. Suka zo da rawar jiki, ƙanin surukin har da sabon takalmi. Suka tarar an ɗage labule, ni kuma ina zaune daram a kujerar Hamma, tabarau a hanci.

Tela ya ce, "Goggo, ai nan wurin maza ne."

Na ce, "Ranar da aka haife ka ni na yanke maka cibiya, ban ji ka ce wurin mata ne ka fita ba. Zauna."

Surukin ya ce, "Goggo, akwai doka fa."

"Akwai. Doka ta ce na ƙarshe shi ke da zaure, shi ke da shayi, shi ke da zaɓen farko. Wa ya zo na ƙarshe bara?"

Duk suka dubi kujerar da nake kai.

"Akwai inda ta ce in ya mutu an yafe masa?"

Mai kemis ya ce, "Babu, Goggo."

Na tashi na zuba musu shayin da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, ina duban ƙwayar idon kowa. Babu wanda ya karɓa a kishingiɗe. Babu wanda ya ce suga bai ji ba, alhali ko ƙwaya ban sa ba. Mai sabon takalmi ya tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci, da ya ga babu wurinsa ya sulale.

Aka fara. Sunan Hamma ya fito a saman waya, agogo yana tafiya. Ga babban mai jifan nan da kowa yake mafarki, hotonsa yana washe mini haƙora. Wallahi yatsana ya yi ƙaiƙayi, don da ni ce da tuni na ɗauke shi na huta da baƙin ciki. Amma ƙungiyar ba tawa ba ce. Na danna mai gudun da ya ce. Da zaɓe ya zagayo na ƙara mai gudu, na bi da masu cafewa. Su kuwa suka yi ta wawason masu jifa kamar yadda suka saba, kafin zagaye na biyar ya ƙare kowa ya ɗauki nasa, saura Hamma.

Sai zagaye na shida, lokacin shegantaka. Na gyara zama na ƙura wa waya ido, ni da na ce wasan shirme ne. Na san abin da ke tafe, na kuma san ba ni da haƙurinsa, in suka yi dariya Allah kaɗai ya san inda butar shayin nan za ta sauka. Tela ne a kai. Na ga babban yatsansa ya nufi inda ya saba, bakinsa har ya fara motsi. Ya ɗago ya dubi Mai kemis. Mai kemis bai dube shi ba, ƙasa yake kallo, ya ce a hankali, "Ni dai mai jifa ɗaya ya ishe ni."

Tela ya janye yatsa, ya ɗauki wani mai cafewa. Na bayansa ma haka. Surukin ya daɗe yana sosa ƙeya har agogonsa ya kusa ƙarewa, sannan ya ɗauki mai gudu. Zagaye na shida ya wuce, na bakwai ya wuce, ba a jin komai sai kurɓar shayi marar suga.

Da aka zo na takwas na buɗe jerin masu jifa. Ga su nan reras, lafiyayyu, har da zaɓi. Akwai guda biyu da ko a ƙungiyar wanda ya ci kofi ba za a raina su ba. Daidai yadda ya yi ta faɗa shekara da shekaru, yana buga sanda ana dariya. Idona ya cika har sai da na cire tabarau na goge kafin in ga inda zan danna. Na danna. Ƙungiyar ta tabbata da sunan Hamma, babu mai iya goge shi sai baɗi, baɗin kuma in Allah ya kai mu yatsana yana nan.

Sai ga tafi. Surukin ya miƙe yana cewa, "Allahu akbar! Dabarar Bappa ta yi! Goggo, kin gani ko? Mu ma mun karrama shi." Tela har da share ido da bakin riga.

Na bari suka gama. Na ce, "Ashe kun iya."

Tafin ya tsaya.

"Ashe ba wani abu ba ne mai wuya, janye yatsa ne kawai. Shekara nawa yana zaune a nan da ransa, yana jira ku yi masa sau ɗaya?"

Mai kemis ya ajiye wayarsa a tabarma ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Sauran suka tsura wa kofunansu ido. Ban lallashi kowa ba, ba aikina ba ne.

Allah ya jiƙan Hamma, ya haskaka masa makwanci fiye da yadda idonsa ya taɓa gani, ya haɗa shi da majalisar da ta fi wannan mutunci. Ni kam na gyara tabarau na ce wa surukin ya zauna ya daina ɓata mana lokaci, akwai sauran zagaye, kuma Hamma bai ɗauki mai bugun ƙwallo da ƙafa ba tukuna.